Wasiƙa Zuwa ga Edita: Inda Kishin Ma'aikaci Yake Mutuwa Tsakanin Aiki da Iyali

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a shafinka na wasiƙu domin in yi magana a kan wani ƙorafi da na daɗe ina ji daga bakin masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu a nan Accra, wato wai ma'aikatan yanzu ba su da kishin aiki, idonsu kullum yana kan agogo, kuma da zarar sun sami wata 'yar kafa sai su ajiye aiki su yi gaba. Ban musa cewa akwai malalata ba, domin na yi aiki tare da su, na kuma shugabance su. Amma shekaru 22 da na yi ina aikin sito a kamfanonin da ke hulɗa da tashar jiragen ruwa ta Tema, da farko a matsayin ƙaramin akawu, daga baya a matsayin mai kula da ma'aikata, sun nuna mini cewa mafi yawan waɗanda kishinsu ya mutu da kishi suka fara aikin. In ka bi sawun abin a hankali, za ka tarar akwai wata rana takamaimai da aka tilasta musu zaɓi tsakanin aikin da iyalinsu, ko dai suka zaɓi aikin zuciyarsu na ƙuna, ko kuma suka zaɓi iyalin aka hukunta su.

Tawa ranar Talata ce. Wajen ƙarfe tara da rabi na safe, ina tsaye a bakin kwantena da takardar lissafi a hannuna, yara suna sauke katon-katon na man girki ina ƙirgawa, sai ƙanwata ta bugo waya daga unguwar Madina ta nan Accra, muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, Mma ta rasu." Kafin in gama salati ta ƙara da cewa malamai sun tsayar da sallar jana'iza bayan la'asar. Na shiga ofishin manajanmu na gaya masa. Mutumin ba mugu ba ne, ya miƙe tsaye ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyya, sa'an nan ya tambaye ni yaushe dangi za su zauna su sa ranar binnewa, domin ya shirya mini hutu. Da na ce masa yau ɗin nan ne, sai fuskarsa ta canza, na ga alamar yana zaton ina ƙara wa miya gishiri ne. Ya ce in ƙarasa ƙirgar kwantenar, in cike takardar neman hutu, ya kuma tuna mini cewa ƙa'idar kamfani ita ce a nemi hutu da mako biyu kafin ranar. Na ajiye takardar lissafin a kan teburinsa na fita. Da na dawo bayan addu'ar kwana uku, na tarar da takardar tuhuma tana jirana, a ƙarshen wata kuma aka yanke mini albashin kwana uku.

Na daɗe kafin in gane cewa manajan nan jahilcin al'adarmu ne ya fi damunsa. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilun Akan da Ga, waɗanda muke zaune lafiya da su tun zamanin kakanni, suna ajiye mamacinsu a ɗakin ajiyar gawa na asibiti, dangi su yi shawara, a sa rana makonni ko watanni nan gaba, a buga sanarwa, sa'an nan a yi hidimar daga Juma'a zuwa Lahadi. Ƙa'idojin hutu na yawancin wuraren aiki a kan wannan tsari aka gina su, kuma suna yi wa masu wannan al'ada daidai. Mu kuwa mutanen Zango, wanda ya cika da safe kafin faɗuwar rana yana makwancinsa, kuma ɗan da bai ɗauki makarar mahaifiyarsa ba, babu wata rana ta biyu da za a sa masa. Haka suna yake faɗawa ranar bakwai da haihuwa, ko Litinin ce ko Laraba, haka kuma Juma'a ranar aiki ce cur a Ghana. Saboda haka ma'aikaci Musulmi yakan bayyana a idon shugabansa kamar mutumin da ke ɓacewa ba sanarwa, alhali kuwa takardar ƙa'idar ce ba ta san da zamansa ba.

Abin da nake son masu kamfanoni su saurara da kyau shi ne abin da ya biyo baya. Ban ajiye aikin ba, sai da na ƙara shekara shida a wurin. Kafin wannan Talatar, nakan iso da rabin awa kafin lokaci in duba sito, in na ga lissafin takarda bai yi daidai da kayan da ke ƙasa ba nakan bi diddigi har in gano inda aka yi kuskure, ko da hakan zai kai ni bayan magariba, kuma Asabar nawa na shigo ba tare da an roƙe ni ba. Bayan ranar, Allah shaida ne ban ɗauki ko allura ba, ban kuma yi ha'inci ba, amma abin da aka rubuta mini kaɗai nake yi. In na ga wata hanya da za ta rage wa kamfanin asara, sai in ja bakina in yi shiru, domin zuciyata ta riga ta yanke cewa wurin ba nawa ba ne. Abin da ya riƙe ni shi ne kuɗin makarantar yara, da gudummawar fansho ta SSNIT da ba na son ta katse, da kuma kuɗin haya, wanda kowa ya san masu gidaje a Accra suna karɓar na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da cewa Dokar Haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida. A littafin manajan, babu abin da ya ragu: sunana yana cikin rajista, ina sa hannu ƙarfe takwas, ina tashi ƙarfe biyar.

Sai bayan shekaru, a wani kwas da aka tura mu na masu kula da ma'aikata, na ji an ba wannan hali nawa suna. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun bayyana a 1991 cewa abin da ke ɗaure ma'aikaci da wurin aikinsa iri uku ne: akwai wanda ke zaune domin yana son wurin har cikin ransa, akwai wanda ke zaune domin barin wurin zai jawo masa asarar da ba zai iya ɗauka ba, akwai kuma wanda ke zaune domin yana jin akwai wani haƙƙi ko halacci a wuyansa. Ina jin bayanin na gane cewa kwana ukun da aka yanke mini su suka ɗauke ni daga rukuni na farko suka jefa ni a na biyu. A gari irin namu, inda aikin albashi yake da wuyar samu, rukuni na biyu ne ke yaudarar masu kamfani, domin suna ganin ma'aikata ba sa tafiya sai su ɗauka komai lafiya, ba su san cewa gangar jiki ce kawai ta rage musu ba.

Rasuwa sau ɗaya take zuwa, amma akwai abin da ke cin mutum kullum, wato lokaci. Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda ake kira Doka ta 651, ta ƙayyade awa takwas a rana ko awa 40 a mako, ta ce a bar wa ma'aikaci aƙalla awa 12 a jere tsakanin tashinsa daga aiki da komawarsa washegari, da awa 48 na hutun mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi. A takarda wannan ya yi kyau. Amma tsadar haya ta kori ma'aikata daga tsakiyar gari zuwa Kasoa da Amasaman da Ashaiman da bayan Adenta, kuma wanda ke zaune a Kasoa yana aiki a Osu ko wajen filin jirgin sama, da ya sallame sallar asuba sai tasha, ya bi layin motar haya, wato torotoro, ya sha cunkoson Mallam da Kaneshie, da yamma kuma ya maimaita. Awa takwas ɗin doka ta zama awa goma sha uku ko sha huɗu a wajen gida. Ya fita yara suna barci, ya dawo suna barci, ranar Asabar da Lahadi kuma suna makarantar allo. Na san magidanta da dama da ba su san sunan malamin ajin ɗansu ba, kuma ba rashin kula ne ya jawo ba. A kan wannan sai ga saƙon WhatsApp na shugaba ƙarfe goma na dare yana neman lissafin gobe, wanda in ba ka amsa ba da safe za a ce ba ka ɗauki aiki da muhimmanci ba. Ban ma taɓo masu gadi da direbobi da yaran shago ba, waɗanda da yawansu awa 12 suke yi a tsaye ba tare da wata takardar yarjejeniya ba, kuma su ne suka fi yawa a cikin 'ya'yan Zango.

Gajiyar nan ba a bakin ƙofa take tsayawa ba. Mutumin da aka ci wa mutunci a ofis, ya kuma yi awa biyu a matse cikin mota, shi ne zai shiga gida ya daka wa yaro tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, matarsa ta yi fushi, a kwana ba a yi magana ba, da safe ya ɗauki wannan nauyin ya koma da shi bakin aiki, inda zai rubuta 68 a maimakon 86. Na sha kama irin wannan kuskure a takardun yarana, kuma sau da yawa in na ja mutum gefe na tambaye shi lafiyar gida, a nan nake samun amsar. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda aka cusa wa biyun a baki ɗaya, ƙarshenta ba ya jin daɗin ko ɗaya.

Na mata ya fi nauyi, kuma a nan ne nake ganin dokarmu ta gaza a fili. Doka ta 651 ta ba mai haihuwa aƙalla mako 12 da cikakken albashi, da ƙarin mako biyu in haihuwar ta zo da matsala ko aka sami tagwaye, ta hana a kore ta saboda wannan hutu, ta kuma ba mai shayarwa awa ɗaya a cikin lokacin aiki domin ta shayar da jaririnta. Amma yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 mako 14 ta sa a matsayin mafi ƙaranci, kuma a asibitin awo ma'aikatan jinya suna nanata wa kowace uwa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida. Gwamnati ɗaya ce ke cewa wata shida a asibiti, take kuma cewa wata uku a ofis. 'Yar yayata tana aiki a kantar karɓar abokan ciniki a wani kamfani da ke tsakiyar gari, gidansu kuma yana Fadama. Da ta koma aiki, jaririn yana da wata biyu da 'yan kwanaki, domin ta ci wani ɓangare na hutun kafin ta haihu. Awa ɗayan da doka ta ba ta ko zuwa gida ba za ta kai ta ba, balle dawowa. Takan shiga banɗakin ma'aikata ta tatsa a 'yar kwalba, ta naɗe a jaka domin babu firij ɗin da za ta saka, wani lokaci kafin ta isa gida ya lalace ta zubar, kakar yaron kuma tana ta bugo waya tana cewa ya ƙi yin shiru. Wata huɗu ta jure, sa'an nan ta ajiye aikin ta koma sayar da atamfa. Shekara biyar ta yi a wurin, ta san kowane abokin ciniki da sunansa, amma abin da na ji shugabanta ya faɗa shi ne, mata ba sa daɗewa a aiki. Da ya ware ɗan ɗaki guda mai kujera da firij, ko ya bar ta ta riƙa tashi da awa ɗaya kafin lokaci a madadin awar shayarwa, da kuɗin da ya kashe bai kai na horar da wadda ta maye gurbinta ba.

Uba kuwa, dokar 2003 ba ta ba shi ko kwana ɗaya na haihuwa ba. Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta amince wa ma'aikatanta maza da kwana 14 a 2021, dokar Kenya ta 2007 ta ba su mako biyu, Jihar Kaduna kuma ta mai da hutun mai jego wata shida a 2019. Waɗannan ba ƙasashen Turai ba ne da za a ce mana sun fi mu arziki nesa ba kusa ba. A da, gidan gandu yana rufe wannan gurbi, domin akwai kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa a tsakar gida ɗaya. Yanzu saurayi da matarsa suna ɗaki ɗaya a Ashaiman, iyayensu suna Tamale ko Bawku ko Kumasi, in aka sallamo ta daga asibiti bayan tiyata, in ba shi ba babu mai ɗebo mata ko ruwan wanka.

Domin kada a ce ƙorafi kawai na iya, bari in faɗi abin da na gani ya yi aiki. A kamfani na biyu da na koma, shugabarmu Kirista ce, kuma a makon farko ta zaunar da ni ta ce in bayyana mata abubuwan da Musulmi ba zai iya ɗagawa ba. Na lissafa mata jana'iza, da safiyar suna, da awa ɗaya da rabi ta Juma'a, da ranakun Sallah. Da na zama mai kula da sito, ta amince muka yi tsarin musanya: Musulmi su riƙe aiki lokacin Kirsimeti da Ista da Asabar ɗin da abokan aikinmu ke tafiya garuruwansu binne 'yan'uwa, su kuma su riƙe mana namu. Wanda aka yi wa rasuwa ta kusa zai tafi nan take, takarda ta biyo baya. Wanda zai kai yaro asibiti ya shigo ƙarfe goma sha ɗaya ya biya awannin a cikin mako. Ba a ƙara wa kowa ko sidi ɗaya ba. Wani dare na damina, ruwa ya ɓalle ya fara shiga sito inda muka jibge buhunan shinkafa. Mai gadi ya kira ni, ni kuma mutum biyu kawai na kira, amma kafin ƙarfe ɗaya na dare mutum tara ne a wurin, wasu daga Ashaiman a kan babur, wanduna a naɗe har gwiwa, muna ɗora buhu a kan katako har aka kira sallar asuba. A cikinsu akwai wani yaro da watanni biyu kafin nan aka bar shi ya kwana huɗu a asibiti wajen matarsa ba a taɓa albashinsa ba. Babu wanda ya tambayi kuɗin ƙarin lokaci a daren, ko da yake shugabar ta biya daga baya, kuma ya dace ta biya.

Sai dai adalci ya sa in juyo kanmu, mu mutanen Zango, domin ba kowane nauyi ne daga ofis yake fitowa ba. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma mun mai da ƙafar mai albashi ta kowa. Duk auren da aka ɗaura a unguwa, duk suna, duk addu'ar bakwai da ta arba'in, ko ta ɗan'uwan maƙwabcin kawu ce, ana duba ko ya zo, in bai zo ba a ce aiki ya shiga kansa, ya zama Bature. Mace mai aiki kuwa, ta dawo ƙarfe bakwai ta tarar da tukunya na jiranta, miji yana zaune a majalisa, uwar miji kuma tana lissafa mata bukukuwan da ba ta je ba. Akwai kuma waɗanda ke ƙirƙiro rasuwar ƙarya domin su sami kwana biyu, kuma duk wanda ya yi haka ya sani cewa shi ne yake sa manaja ya yi shakkar mai gaskiya ranar da mahaifiyarsa ta cika. A hadisin Salmanu da Abu Darda'i, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata, an ce Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, sai ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya ɗauke ka aiki yana biyanka shi ma mai haƙƙi ne, kuma ina roƙon limamanmu su riƙa faɗin wannan a mumbari, su kuma gaya wa dangi cewa wanda ya zo ta'aziyya ranar Lahadi domin yana bakin aiki ranar Laraba bai yanke zumunci ba.

Ga 'yan majalisarmu, musamman waɗanda ƙuri'un Nima da Madina da Ashaiman da Asawase suka kai su, ina kira da su tsaya a kan gyaran Doka ta 651, a ɗaga hutun haihuwa aƙalla zuwa mako 14, a sa wa uba kwanakinsa, a kuma rubuta hutun rasuwa na gaggawa wanda ba ya bukatar sanarwar mako biyu. Ƙungiyar ƙwadago ta TUC da rassanta suna iya shigar da waɗannan a yarjejeniyoyinsu da kamfanoni tun kafin majalisa ta motsa. Ina kuma ganin zai yi amfani ƙwarai in ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda Musulmi da Kirista duka suke girmamawa, ya fitar da 'yar takarda ta shafi ɗaya da Turanci wadda ke bayyana wa masu ɗaukar ma'aikata yadda jana'izar Musulmi da suna suke gudana da lokacin da suke ci, domin ma'aikaci ya iya miƙa wa shugabansa tun ranar da ya kama aiki. Manajana na farko yana da rai, mukan haɗu jefi-jefi a Tema mu gaisa, kuma na tabbata da irin wannan takarda tana cikin aljihun teburinsa a waccan Talatar, da da kansa zai ce direban kamfani ya kai ni Madina.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Madina Zango, Accra.